Tashar Lantarki ta Kotu a Ƙasar Gambiya: Sayen Inji da Ciyar da Shi



Laccar yau a kan wata tashar lantarki ce wadda ba ta da girma, a cikin wata ƙasa wadda ita ma ba ta da girma. Tashar ita ce ta Kotu, ƙasar kuwa Gambiya. Wanda ya saba jin labarin Kainji mai megawat 760, ko Egbin ta kusa da Ikko mai megawat 1,320, zai iya mamakin a ce an tara jama'a saboda tashar da ko a takarda ƙarfinta bai kai megawat 60 ba. To, ƙanƙantar tata ita ce amfaninta ga mai neman fahimta. A babbar ƙasa kuskure yakan ɓuya a cikin yawan tashoshi da yawan hukumomi, har a rasa wanda za a tambaya. A Gambiya kuwa ana iya bin sawun mai tun daga jirgin da ya kawo shi har zuwa ƙwan fitilar da ya haska, sa'an nan a juyo a bi sawun kuɗi tun daga aljihun mai ƙwan har zuwa hannun mai jirgin. In hanyar kuɗin nan ta yanke a wani wuri, ba a daɗewa hanyar man ma sai ta yanke, gari ya yi duhu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa ke nan.

Gambiya ita ce mafi ƙanƙanta cikin ƙasashen Afirka, in an ɗebe tsibirai. Girmanta duka kamar murabba'in kilomita 11,300 ne, watau jihar Kano ta yau ta kusa ninka ta biyu, mutanenta kuwa bisa ƙidayar 2024 miliyan 2 ne da dubu 400 da 'yan kai. Ta miƙe ne siririya a gaɓa biyu na kogin Gambiya, ba inda faɗinta ya wuce kilomita 50. Senegal ta kewaye ta gabas da kudu da arewa, teku ta tare ta ta yamma. Ingilishi suka mallake ta, ta sami mulkin kai ran 18 ga Fabrairu 1965 a ƙarƙashin Dauda Jawara, kuma a lokacin abin da take sayarwa a waje kusan duk gyaɗa ne.

Mai tambaya zai ce, ƙasar da kogi ya ratsa ta daga kai har ƙafa, me ya hana ta datse shi ta sami wuta? Amsa ita ce, ruwa ba ya juya inji sai in yana faɗowa daga tudu. Kogin Gambiya daga tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gini ya taso, kafin ya shigo Gambiya ya riga ya gama gangarowa, tafiyar ƙasaita kawai yake yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, har ruwan gishiri na teku yakan tura shi baya nesa ƙwarai da rani. Ƙasar ba ta da gawayin kwal, ba ta da iskar gas, rijiyoyin da aka haƙa a cikin teku don neman mai a 2018 da 2021 kuma ba su ba da abin sayarwa ba. Manyan tashoshi masu tukunyar tururi ba sa biyan kuɗinsu sai inda ake buƙatar ɗaruruwan megawat. Saboda haka ba a yi wa magabatan Gambiya adalci ba in an ce wauta ce ta sa suka zaɓi inji mai shan mai. Shi ne abin da ƙarfinsu ya kai, shi ne mai saurin kafawa, kuma ana iya sayensa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda gari ke ƙaruwa.

Babban birnin ƙasar, wanda ake kira Bathurst kafin a mai da shi Banjul a 1973, yana kan wani ɗan tsibiri ne a bakin kogi. Tsohuwar tashar wutarsa tana wata unguwa mai suna Half Die, watau rabi sun mutu, sunan da aka ce ta samu daga annobar kwalara ta 1869. A 1972 aka kafa hukumar GUC, aka damƙa mata wuta da ruwa gaba ɗaya. Amma tsibiri ba ya ƙaruwa. Farin da aka yi a shekarun 1970 ya koro mutanen ƙauye zuwa bakin teku, garin Serekunda ya kumbura har ya fi Banjul jama'a nesa ba kusa ba, ga kuma Turawa masu yawon shan iska, waɗanda suka fara zuwa daga Suwidin a 1965, ana ta gina musu otal-otal a bakin ruwa. Tsohuwar tashar ta kasa. Sai aka kafa sabuwa a Kotu, kusa da Serekunda, kamar kilomita 15 daga Banjul, ta fara aiki a farkon shekarun 1980.

A lura da lokacin. A 1973 gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Daga 1979 zuwa 1980 ta sake tashi har ta wuce dala 30. Kuɗin nan da ya cika baitulmalin Nijeriya a zamanin, daga aljihun irin su Gambiya ya fito. Watau an haifi tashar Kotu ne daidai sa'ad da abincinta ya ninka tsada sau goma.

Kafin a shiga lissafi ya kamata a san irin man da ake magana a kansa. A matatar mai, in an dafa ɗanyen mai, masu sauƙi su ke fara fita, watau iskar gas da fetur da kananzir da man gas na manyan motoci. Abin da ya kwanta a gindin tukunya, baƙi ƙirin mai kauri, ɗan'uwan kwalta, shi ne baƙin mai. Ba wanda makanikai ke yi wa mota juye da shi ake nufi ba. Irin wanda masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa ƙonawa a tukwanensu ne, kuma shi manyan jiragen ruwa suka daɗe suna sha. Darajarsa ɗaya ce, ita ce arha, domin ya fi man gas sauƙin kuɗi ƙwarai, shi ya sa yawancin injunan Kotu shi suke sha.

Arhar nan kuwa da wahalarta take zuwa. In ya huce ba ya gudu a bututu, sai an ɗumama shi tun a tanki. Yana zuwa da ruwa da laka, saboda haka sai an bi da shi ta cikin wata na'ura mai juyawa da tsananin sauri, wadda ke wurgar da datti gefe, kamar yadda mai sheƙe hatsi ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Sa'an nan a ƙara dafa shi har zafinsa ya wuce digiri 100, ya tsinke, kafin nozul ya iya fesa shi cikin silinda. Zafin da ake wannan aiki da shi yawanci daga hayaƙin injin ake samunsa, don haka injin da ya daɗe a kashe akan tashe shi da man gas tukuna, in ya ɗau zafi a juya shi kan baƙin mai. Shi kansa injin, tsarinsa ɗaya da na babbar motar ɗaukar kaya, ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Bambancin girma ne kawai: tsawonsa ya kai na ɗaki, faɗin fistin ɗaya ya fi ƙafa ɗaya, yana juyawa sau 500 zuwa 750 a minti, yana jan janareta da ke haɗe da shi. Cikin kowane mudu goma na ƙarfin da ke cikin man, kamar mudu huɗu ne ke zama lantarki. Sauran shida suna fita ta bututun hayaƙi da ruwan sanyaya inji.

To, ga lissafin, kuma kowane ɗalibi zai iya yinsa a bayan littafinsa. Lafiyayyen inji irin wannan yakan sha giram 200 zuwa 230 na mai kafin ya ba da yunit ɗaya na wuta, watau tan ɗaya yakan ba da yunit wajen 4,500. A ɗauki inji mai megawat 6, irin girman da aka saba gani a tashoshin nan. In ya yi kwana ɗaya cur yana aiki zai ba da yunit 144,000, ya sha fiye da tan 30, kusan cikin tankar mai guda. In ya yi aikin kwana 300 a shekara, ya lashe tan 9,500. A ƙaddara tan ɗaya dala 500 ne, domin farashin yana hawa yana sauka, to kuɗin man shekara ya kusa dala miliyan 5. Shi kuwa sayen injin da kafa shi, bisa kimantawar masu wannan sana'a, kamar dala miliyan ɗaya ne ko sama kaɗan ga kowane megawat. Ashe kafin a cika shekara biyu, abin da injin ya sha ya wuce abin da aka saye shi.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da barga ya san wannan magana. Ranar sayen doki rana ɗaya ce, ana buɗa ana taya murna. Dawa da harawa da kanwa da ɗan barga kuwa kullum ne, safe da yamma, har ran da dokin ya mutu. Haka injin lantarki yake. Kuɗin sayensa yana da sauƙin samu, domin bankunan raya ƙasa da ƙasashe abokan arziki suna son ba da rancen abin da za a yanke masa kirtani a ɗau hoto. Ba a cika samun wanda zai ba da rance mai sauƙi don a sayi man watan gobe ba. Wannan sai a bankin kasuwa, da ruwa mai yawa, da ɗan gajeren wa'adi.

Bayan mai sai gyara. Baƙin mai yana ɗauke da farar-wuta, watau kibiritu, da wani ƙarfe da ake kira banadiyam, su biyun nan suna cin bawul da kan fistin sannu a hankali. Shekara tana da sa'o'i 8,760. Motar da ta yi sa'o'i 8,000 tana tafiyar kilomita 50 a kowace sa'a ta ci kilomita 400,000, ba kuwa direban da zai yi wannan tafiya bai sauke inji ba. Masu ƙera injunan suna rubuta cewa bayan sa'o'i kaza a canza kaza, bayan sa'o'i kaza a yi garambawul. Garambawul yakan ci makonni, kayan gyaransa daga Turai suke zuwa, ba a ɗora su a jirgi sai an biya, sau da yawa kuma sai an ɗauko injiniya daga kamfanin da ya ƙera. Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin Kotu shi ne, injunanta ba 'yan gida ɗaya ba ne. An sayo su a lokuta dabam-dabam, daga masana'antu dabam-dabam, gwargwadon inda aka sami kuɗi, ga shi kuwa bawul ɗin wannan ba ya shiga wancan. Ma'aji ɗaya sai ya tanadi kayan gida uku ko huɗu.

Abin da ya fi kuɗi wuya a maganar garambawul shi ne, duk ran da aka kashe inji don gyara, wutarsa ta fita daga lissafi. Ƙasar da ke da injin ko-ta-kwana ba za ta ji ba. Wadda ba ta da shi, sai wasu unguwanni su kwana a duhu har a gama. Nan ne injiniya yake shiga tsaka mai wuya a kowace ƙasa irin wannan. Ya ce lokacin gyara ya yi, sai a ce masa azumi ya matso, a bari sai bayan Salla. Bayan Salla a ce Tobaski, watau babbar Salla kamar yadda mutanen can ke kiranta, ta kusa. Bayan ita a ce baƙi masu shan iska sun fara sauka, ko zaɓe ya gabato. Kowane dalili mai kyau ne a ranar da aka faɗe shi. Amma inji ba ya duba kalanda, sa'o'insa yake ƙirgawa, ran da ya gaji kuwa sai ya tsaya da kansa, gyaran makonni ya koma na watanni, kuɗin ya ninka.

Akwai kuma wata larura wadda ƙananan ƙasashe kaɗai suka san zafinta. Lantarki ba ya jira. Abin da ake sha a wannan sakan, a wannan sakan ɗin ake yinsa, kuma dole dukan injunan da ke haɗe su riƙe bugu ɗaya, sau 50 a kowane sakan. A ƙasar da buƙatarta ta kai megawat dubbai, in inji mai megawat 6 ya faɗi ba wanda zai sani. A yankin Banjul, inda buƙata ta kai wajen megawat 70 a 2017, inji irin wannan ya kusa kashi ɗaya cikin goma na dukan wutar. In ya faɗi ba zato, nauyinsa ya koma kan sauran, gudunsu ya ragu, na'urorin da ke tsaron lafiyarsu su cire su ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙiftawar ido ƙasa ta yi duhu. Sai a sake tashi daga farko, ana ɗora unguwanni kaɗan-kaɗan. Har wa yau, tun da ruwan famfon yankin daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi da lantarki, ɗaukewar wuta takan jawo ɗaukewar ruwa. Mai sayar da ƙanƙara da mai ajiye kifi a ɗakin sanyi da tela da mai walda su ke fara ji a jikinsu, domin babban otal yana da janaretansa. Garuruwan cikin ƙasa kuwa, irin su Farafenni da Bansang da Basse, sun yi shekaru da 'yan ƙananan tashoshinsu waɗanda ba su haɗu da na Banjul ba, ana ba su wuta na wasu sa'o'i da rana da wasu da dare.

Yanzu sai a juyo kan hanyar kuɗi, domin a nan ne ainihin ciwon yake. Man da dala ake sayensa. Wutar da dalasi ake sayar da ita, watau kuɗin Gambiya wanda aka fara kashewa a 1971. A 1980 dala ɗaya ba ta kai dalasi 2 ba. Da gyaɗa ta faɗi, bashi ya yi yawa, gwamnati ta shiga shirin farfaɗo da tattalin arziki a 1985, a watan Janairu 1986 kuma aka saki dalasi kasuwa ta yi masa daraja. A 2000 dala ta kusa dalasi 13, a 2017 ta haura 45, a 2023 ta wuce 60. Ma'anar wannan ita ce, ko da farashin mai bai motsa ba a kasuwar duniya, kuɗinsa yana ta hawa a littafin akawun hukumar wuta. In kuma ya motsa, kamar a watan Yuli 2008 da ganga ta kai dala 147, ko a 2022 da ta wuce dala 120 bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, to duka biyu ke nan a wuri ɗaya. Farashin mai yana canzawa kowace safiya. Farashin wuta kuwa sai an zauna, an yi shawara, an duba fuskar jama'a, wani lokaci shekaru su wuce ba a taɓa shi ba. Ratar da ke tsakanin biyun ita ce bashi.

Kada a zaci wutar arha ake sayar wa mutanen Gambiya. A tsakiyar shekarun 2010 suna biyan fiye da santi 20 na dala a kan yunit ɗaya, suna cikin masu biya da tsada a Afirka ta Yamma, duk da haka kuɗin bai ishi hukumar ba. Dalili ɗaya shi ne, fiye da kashi 20 cikin 100 na wutar da aka yi tana ɓacewa a hanya, wata a tsofaffin wayoyi da taransifoma, wata a hannun masu jona ta ɓoye. Watau cikin kowace tanka biyar da aka ƙona, ɗaya ba wanda ya biya ta.

An gwada magance abin ta hanyar canza masu riƙo. A 1993 aka rushe GUC, aka ba wani kamfanin Faransa hayar gudanar da wuta da ruwa. Sojoji suka karɓi mulki a ƙarƙashin Yahya Jammeh ran 22 ga Yuli 1994, a 1995 suka soke yarjejeniyar, a 1996 aka kafa kamfanin gwamnati mai suna NAWEC. A 2006 wani kamfani mai zaman kansa ya kafa tasha ta biyu a Brikama, ita ma mai shan baƙin mai, yana sayar wa NAWEC wuta. Sunaye sun canza, allon ƙofa ya canza, lissafin giram 220 bai canza ba. Bugu da ƙari, shekara da shekaru ana kawo man ba tare da an yi takarar tanda a fili ba. Bayan da Jammeh ya bar ƙasar a watan Janairu 2017, hukumar binciken da Shugaba Adama Barrow ya kafa a ƙarƙashin lauya Surahata Janneh, wadda ta miƙa rahotonta a 2019, ta duba kwangilolin kamfanin wutar cikin abubuwan da ta bincika. Inda mai ya ci fiye da rabin kuɗin da ake kashewa, ƙarin 'yan daloli a kan kowane tan ya isa ya cinye kuɗin garambawul na shekara.

Akwai wani dalili kuma wanda ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye, kuma ba ya buƙatar ɓarawo ko ɗaya. Cikin manyan waɗanda kamfanin ya daɗe yana bi bashi akwai ma'aikatun gwamnati da hukumominta da majalisun garuruwa masu fitilun titi. Talaka an sa masa mita mai kati, wadda mutanen can ke kira Cash Power, sai ya biya kafin ya ga haske. Ofis kuwa sai ya sha wutar tukuna, takardar kuɗi ta zo, a sa ta a fayil. Akawun da ya ajiye ta ba mugu ba ne. Kasonsa na wata ukun bai iso ba, ga albashi, ga man mota, ga kuɗin tafiya, ya kuma san ba wanda zai yanke wa ma'aikata wuta, balle asibiti ko barikin soja. A ganinsa kuɗin gwamnati ne zai fita daga aljihun dama ya shiga na hagu, jinkiri ba zai cuci kowa ba. Abin da bai gani ba shi ne, aljihun hagun nan shi ne mai ɓulewa zuwa jirgin mai. Takardar da ta kwana wata shida a fayil, ita ce bawul ɗin da ba a yi oda ba.

Duk waɗannan suka haɗu a 2017. A ƙarshen daminar shekarar, lokacin da zafi ya fi tsanani a bakin tekun, injuna da dama a Kotu da Brikama suna kwance, wutar da ake iya bayarwa ba ta kai rabin buƙata ba, unguwanni suna yin yini da kwana ba haske. Bashin kamfanin ya kai inda ba ya iya biyan ko ruwansa, har a 2018 gwamnati ta ɗauke mafi yawansa ta mai da shi kan baitulmali. Ma'ana, manomin gyaɗa na can gabas wanda bai taɓa kunna ƙwan lantarki a ɗakinsa ba, shi ma ya shiga cikin masu biya.

Maganin gaggawa da aka samu shi ne jirgi. A 2018 aka yi yarjejeniya da kamfanin Karpowership na Turkiyya, ya kawo jirgin ruwa mai ɗauke da injuna, ya tsaya a bakin Banjul, aka ja waya aka haɗa, yana ba da megawat 30. Wuta ta gyaru ƙwarai, wannan ba a musunsa, domin masu jirgin suna gyara injunansu a kan lokaci. Sai dai jirgin tashar Kotu ce aka ɗora a kan ruwa, baƙin mai ya riƙa sha, da dala aka riƙa biyansa, kuma a lokacin yana da abin da Kotu ba ta da shi, watau ikon kashe wuta in ba a biya ba. Maƙwabta sun ɗanɗana. A watan Satumba 2023 kamfanin ya yanke wa Freetown, babban birnin Saliyo, wuta saboda bashin wajen dala miliyan 40, a watan Oktoba na shekarar ya yanke wa birnin Bisau, a watan Afrilu 2024 kuma duhun Freetown ya kai har ministan makamashi ya ajiye aiki. Wanda ya ga rashin tausayi a nan yana da hujja. Amma inji ma haka yake yi wa wanda bai biya kuɗin gyara ba, bambancin kawai shi ba ya aiko da takardar gargaɗi.

Magani mai ɗorewa daga inda kogin ya taso ya fito. Tun 1978 Gambiya da Senegal suka kafa ƙungiyar raya kogin Gambiya, OMVG, daga baya Gini da Gini Bisau suka shigo. Sai bayan shekara arba'in aka ga amfaninta a fili, sa'ad da aka ja babbar waya mai kilobolt 225, tsawonta ya fi kilomita 1,600, ta haɗa ƙasashen huɗu, da tashoshin sauke wuta biyu a Gambiya, ɗaya a Soma ɗaya a Brikama. Gini ta gama madatsar Kaleta mai megawat 240 a 2015, ta bi ta da ta Souapiti mai megawat 450, duka a kan kogin Konkure. Daga farkon shekarun 2020 Gambiya ta shiga sayen wuta mai yawa ta wannan hanya. Ribar ba a farashi kaɗai take ba. Ƙasar da ta jingina da babbar waya, faɗuwar inji ɗaya ba ta cika jefa ta cikin duhu ba, domin akwai masu tallafa mata daga nesa. A watan Maris 2024 kuma aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 23 a Jambur, da taimakon Bankin Duniya da Tarayyar Turai. In aka yi mata lissafi irin na ɗazu, za ta iya hana ƙona tan 8,000 ko fiye na baƙin mai a shekara, ita kuwa kishiyar doki ce, tsadarta duk a ranar saye take. Illarta ɗaya, jama'a sun fi buƙatar wuta bayan magariba, batir ɗin da aka haɗa mata kuma ƙarami ne.

To, tun da haka ne, a rufe Kotu mana a huta? Nan ne ya kamata a yi hattara. Ruwan madatsun Gini yana ja baya ƙwarai da rani, su kansu mutanen Konakiri suna buƙatar wutar. Wutar Senegal kuwa, mafi yawanta ita ma daga mai aka daɗe ana yinta, kuma ba kyauta ba ce, da kuɗin waje ake biya. Ga kuma siyasa. Gambiya da Senegal 'yan'uwa ne na jini da harshe, sojan Senegal ne ya mai da Jawara kan mulki bayan yunƙurin juyin mulki na 1981, har suka yi tarayyar Senegambiya daga 1982 zuwa 1989. Duk da haka tarayyar ta watse, a 2016 kuma iyakarsu ta yi watanni a rufe ga motocin kaya saboda rigimar kuɗin fito. Masu sauraro ba sa buƙatar a kai su nesa don neman misali. Jamhuriyar Nijar ta yi shekaru tana samun wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Nijeriya. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka yanke wayar a watan Agusta, ba a mayar ba sai a watan Maris 2024. A watannin nan abin da ya rage wa birnin Yamai shi ne nasa na gida, musamman tashar Gorou Banda mai shan mai, wadda aka buɗe a 2017 wasu suna kukan tsadarta.

Saboda haka aikin da ya rage wa tasha irin ta Kotu shi ne na ko-ta-kwana: ta cike giɓin magariba, ta riƙe asibiti da famfunan ruwa da filin jirgin sama ran da babbar waya ta faɗi. Wannan aiki ya fi dacewa da ita, domin injinta yana iya ɗaukar nauyi cikin ɗan lokaci. Amma ya zo da wata sabuwar matsala ga masu tsara kasafi. Injin da ke tsaye ma yana ci. Dole a riƙa ɗumama tankinsa don kada man ya daskare, a riƙa tashinsa lokaci-lokaci, a ajiye mai na kwanaki a ma'aji, a riƙe ƙwararrun ma'aikata da albashin da zai hana su tafiya jiragen ruwa ko ƙasashen Larabawa. Duk wannan kuɗi ne da za a kashe a kan injin da watakila zai yi wata guda bai sayar da yunit ɗaya ba. In an zuba kuɗin a cikin farashin wuta, mai mita mai kati zai yi kuka. In an bar shi ga baitulmali, zai shiga layi ɗaya da magungunan asibiti da albashin malaman makaranta, a shekarar da wuta ke nan lafiya kuwa, shi ne layin farko da mai jan biro zai so ya soke.